Makanike Ya Riƙe Mota Sai An Biya Shi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Dokar Amurka

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa a bakin 'yan uwanmu mazauna Amurka, musamman direbobin tasi da na Uber a Niyok, da masu neman buɗe ƙaramin gareji nasu na kansu. Kowace jiha da tata dokar, don haka misalan da ke ƙasa na jihohi huɗu ne: Niyok, Kalifoniya, Fulorida da Teksas. Wanda takarda ta riga ta iso masa ya fara da amsar da ta shafi wasiƙar gwanjo, domin kwanakinsa ƙidayayyu ne.

Da gaske doka ta ba makanike ikon hana ni motata?

Ta ba shi. Idan ka kai mota gyara da yardarka, ya yi aikin, ba ka biya ba, yana da ikon riƙe ta a garejinsa har sai ka biya kuɗin aiki da na kayan da ya saka. Ba sai ya je kotu tukuna ba, kuma ba sai ya nemi izinin kowa ba. A takardun da za su zo maka za ka ga an rubuta kalmar "lien". A nan za mu riƙa kiransa haƙƙin riƙo.

Dalilin dokar a fili yake. Wanda ya sayar maka da taya yana iya cewa ka dawo masa da tayarsa, amma wanda ya kwana uku a ƙarƙashin mota yana sauke giyabos ba shi da hanyar zare guminsa daga cikin ƙarfe. Abin da kawai ya rage a hannunsa shi ne motar. Sai dai a kula, riƙewa daban, sayarwa daban. Riƙewa tana zuwa da kanta, sayarwa kuwa sai an bi matakai, kamar yadda ya zo a amsar gwanjo.

Daga ina wannan doka ta samo asali?

Tushenta tsohuwar dokar Ingila ce ta hukunce-hukuncen alƙalai, wadda ta ba kowane mai sana'ar hannu da ya inganta kayan wani ikon riƙe kayan sai an biya shi: tela, maƙeri, mai gyaran keken doki. A Amurka kuma, jihar Maryland ta yi doka a 1791 don ba magina tabbacin kuɗinsu lokacin da ake gina birnin Washinton, kuma Thomas Jefferson da James Madison suna cikin waɗanda suka nemi a yi ta. A wancan zamani duk mai aikin hannu "makanike" ake ce masa, shi ya sa har yau suna ɗaya ake kiran haƙƙin magini a kan gida da na mai gareji a kan mota, alhali dokokinsu daban ne. Na magini rajista ake yi masa a kan fili. Na mai gareji kuwa rayuwarsa tana ga zaman motar a hannunsa.

Waɗanne sharuɗɗa ne sai sun cika kafin riƙon ya halatta?

Na farko, mai motar ya yarda da aikin, ko wanda ya wakilta. Na biyu, motar tana hannun mai gareji. Na uku, kuɗin da ake nema na wannan aikin ne a kan wannan motar, ba tsohon bashin wata mota da ka taɓa kawowa bara ba. Na huɗu, garejin yana da rajista inda jiha ta wajabta hakan.

Wannan na huɗun ne mutanenmu suka fi yin sakaci da shi. A Niyok, sashe na 184 na dokar riƙon kaya bai ba garejin da ba shi da rajista da hukumar motoci ta DMV haƙƙin riƙo ba. Garejin da ke da rajista za ka ga allo mai kore da fari a jikin bangonsa daga waje, da lambar rajistarsa a rubuce. A Kalifoniya ma haka ne: wanda bai yi rajista da hukumar kula da gyaran motoci ta jihar ba, ba shi da haƙƙin riƙo. Ɗan uwan da yake gyara a bayan gida ko a bakin titi ranar Lahadi, komai ƙwarewarsa, idan aka cinye masa kuɗi, wannan doka ba za ta tsaya masa ba.

An ce min dala 600 ne, da na je ɗauka aka ce 1,900. Dole ne in biya?

Nan ne gardama ta fi yawa, kuma abin da ke raba ta takarda ce. A Kalifoniya doka ta wajabta wa gareji ya ba ka ƙiyasin kuɗin aiki da na kaya a rubuce kafin ya ɗora sifana a kan mota, kuma ba zai wuce wannan ƙiyasi ba sai ya sake neman yardarka. Yardar tana iya zama ta waya, amma sai ya rubuta rana da lokaci da sunan wanda ya yarda da adadin ƙarin. A 1975, a shari'ar Bennett da Hayes, wata kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta hana wani mai gareji kuɗin aikinsa saboda bai ba da rubutaccen ƙiyasi ba, duk da cewa aikin ya yi shi. A Niyok sai ka nemi ƙiyasin ake ba ka, kuma ana iya cajin ka kuɗin yin sa, amma da zarar an ba ka, haƙƙin riƙo ba ya wuce abin da aka rubuta sai da yardarka.

Na san yadda abin yake faruwa tsakaninmu. Ka shiga gareji, an gaisa, an tambayi iyali, ka miƙa makulli ka ce, "Malam, ka duba min ita, duk abin da ka gani ka yi." Shi kuma ya ce, "Ba komai, Alhaji, ai ba za mu ɓata ba." Kowa ya ji kunyar ambaton takarda, kamar neman ta zargi ne. Bayan mako guda an buɗe injin an ga gasket ya ƙone, kan silinda ya lanƙwashe, kuɗi ya ninka uku, ga mutum biyu da ke sallah a sahu ɗaya sun daina gaisawa. Da an rubuta layi uku a ranar farko, da zumuncin yana nan. A ganina neman ƙiyasi a rubuce mutunta makanike ne, domin shi ma ita ce kariyarsa ranar da za a tsaya gaban alƙali.

Idan ƙarin da aka yi ba ka yarda da shi ba, ka miƙa kuɗin da kuka yi yarjejeniya a kansa ta hanyar da za ta bar shaida, kamar cak na banki ko kati. Idan ya ƙi karɓa, ka ajiye shaidar cewa ka miƙa. Sauran hanyoyin suna cikin amsar da ta shafi karɓo mota cikin gaggawa.

Ina da makulli na biyu. Me zai hana in je da dare in ɗauke abata?

Kada ka yi. A Fulorida ɗauke kayan da ke ƙarƙashin haƙƙin riƙo ba tare da biya ko rubutacciyar yardar mai gareji ba laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, kuma jihohi da dama suna da irin wannan tanadi. Haƙƙin nasa ma ba ya faɗuwa don an zare motar ta hanyar dabara. Rigimar kuɗi ce a da, yanzu ta koma ta 'yan sanda, kuma ga wanda takardun zamansa ke gaban hukumar shige da fice, ko wanda lasisin tasi ne abincinsa, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Ni mai gareji ne. Na saki mota bisa alkawarin za a kawo kuɗi ranar Juma'a, ba a kawo ba. Ina da sauran haƙƙi?

Bashinka yana nan, amma a mafi yawan jihohi haƙƙin riƙo ya tafi tare da motar tun da da hannunka ka sake ta. Abin da ya rage shi ne ƙaramar kotun da'awar kuɗi. A birnin Niyok tana sauraron da'awa har ta dala 10,000, a Kalifoniya kuma har 12,500 idan mutum ne shi kaɗai ya shigar, ba kamfani ba. Ba ka da ikon bin motar ka janyo ta daga ƙofar gidansa.

Teksas ta yi togaciya mai amfani a babi na 70 na dokar kadarorinta. Idan ka saki mota don an ba ka cak, sai cak ɗin ya dawo babu kuɗi a asusun ko aka dakatar da biyansa, haƙƙinka bai faɗi ba, kana iya sake karɓo motar muddin ba a tayar da fitina ba. Sharaɗin shi ne mai motar ya sa hannu tun farko a kan sanarwar da ta faɗi cewa ana iya yin hakan. Idan babu wannan sa hannu a takardar aikinka, togaciyar ba ta amfane ka ba.

Zai iya sayar da motar? Ta yaya?

Zai iya, amma ta gwanjo a bainar jama'a, bayan sanarwa. A Niyok sai ya isar wa mai mota da duk mai haƙƙi a kanta takarda mai ɗauke da bayanin aikin, adadin bashin, ƙimar motar, da rana da wurin gwanjo, ya kuma ba da aƙalla kwana 10 a biya. Daga nan a buga talla a jarida sau ɗaya a mako har mako biyu a jere, kuma ba za a yi gwanjon ba sai an cika aƙalla kwana 15 daga tallar farko. A Kalifoniya an raba motoci gida biyu: wadda ƙimarta ta haura dala 4,000 sai an nemi izinin DMV kafin a sayar, wadda ba ta haura ba kuma hanyarta ta fi gajarta. Mai gareji a can yana da kwana 30 kacal daga ranar da haƙƙinsa ya tabbata ya fara wannan mataki ko ya shigar da ƙara, in ba haka ba haƙƙin ya mutu.

Waɗannan matakai ba haka kawai suka faɗo ba. A da ana sayar da motar mutum ba tare da wani alƙali ya ji ta bakinsa ba. Kotun ƙolin Kalifoniya ta soke wannan a 1974 a shari'ar Adams da DMV. A Niyok kuma shari'ar Sharrock da kamfanin Dell Buick-Cadillac ce a 1978: an kai Cadillac ɗin wata mata a saka mata injin a kan dala 225, rigima ta shiga tsakani, daga ƙarshe aka yi gwanjon motar, garejin da kansa ya saye ta a kan dala 502. Babbar kotun jihar ta ce raba mutum da dukiyarsa ba tare da an ba shi damar kare kansa ba ya saɓa wa tsarin mulkin jihar. Bayan wannan hukunci ne aka ƙara sashen da ke ba mai mota damar zuwa kotu kafin gwanjo.

Wasiƙar gwanjo ta iso. Me zan fara yi?

Ka duba ranar da ta iso, ka fara ƙirga. A Niyok kwana 10 gare ka daga ranar da aka isar maka ka shigar da buƙata a kotu ƙarƙashin sashe na 201-a na dokar riƙon kaya don a duba ingancin riƙon. A Kalifoniya ma kwana 10 ne, amma daga ranar da aka aiko da sanarwar ake ƙirgawa, ka mayar wa DMV takardar ƙin amincewa da ke haɗe da sanarwar. Da zarar ka mayar a kan lokaci, mai gareji ba zai yi gwanjo ba sai ya kai ka kotu ya yi nasara, ko kai ka janye. Takarda ce shafi ɗaya, amma ita ce ke tsakaninka da rasa mota.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne wanda wasiƙar ba ta ma same shi ba. Ana aika ta ne zuwa adireshin da ke rajistar motar. Na san wani direba da ya tashi daga ɗakin da yake haya bai sauya adireshi a DMV ba, ya tafi gida jinyar mahaifiyarsa wata biyu, motarsa tana gareji. Ɗan katin da ma'aikacin gidan waya ya bari yana nan maƙale a akwatin tsohon gidan, ruwa ya jiƙa shi. Ya dawo da kuɗin gyaran a aljihu, ya tarar da wata mota a gurbin tasa. Duk mai shirin tafiya gida alhali motarsa tana gareji ya bar wakili a rubuce, ya kuma gyara adireshinsa kafin ya hau jirgi.

Har zuwa lokacin da za a buga gwanjo kana iya fansar motarka ta hanyar biyan bashin da kuɗin da aka kashe wajen sanarwa. Kalifoniya ta ƙara kwana 10 na fansa bayan gwanjo ga motar da ta haura dala 4,000.

Da motar nake cin abinci. Ban yarda da kuɗin ba, amma ba zan iya jiran shari'a ba.

A Fulorida akwai hanya madaidaiciya. Ka je ofishin magatakardar kotun gundumar, ka ajiye kuɗin da ake nema a matsayin jingina, a ba ka takardar shaida, ka kai wa mai gareji. Dole ne ya saki motar, ƙin sakinta laifi ne. Shi kuma yana da kwana 60 ya shigar da ƙara don neman kuɗin da ka ajiye, in bai yi ba a mayar maka da abinka. Ina ganin wannan tsari ya yi wa kowa adalci: kuɗin makanike yana hannun kotu, direba kuma ya koma bakin aikinsa.

Inda babu irin wannan, hanyar da aka saba bi ita ce ka biya, ka rubuta a jikin rasit cewa ka biya ne ba da amincewa da adadin ba, ka karɓi motarka, sannan ka nemi a mayar maka da ƙarin da ka biya a ƙaramar kotu. Kana kuma iya kai koke ga hukuma. DMV ta Niyok tana karɓar koke a kan gareji cikin kwana 90 ko mil 3,000 bayan gyaran, duk wanda ya riga cika. Tsoffin kayan da aka cire shaida ce mai ƙarfi, amma tun kafin a fara aiki ake neman a ajiye maka su.

Kuɗin ajiya fa? Kullum ƙaruwa yake yi.

Sau da yawa shi ne ke cinye mota, ba kuɗin gyaran ba. Idan ana cajin dala 50 a rana, wata ɗaya ya zama 1,500. A tsohuwar dokar Ingila, tun hukuncin shari'ar Somes a 1860, wanda ya riƙe kaya don neman bashinsa ba ya cajin kuɗin ajiyar kwanakin, domin don amfanin kansa ya riƙe. Jihohin Amurka da yawa sun halatta cajin, amma da sharaɗi. A Niyok sai an sanar da kai a rubuce cewa akwai kuɗin ajiya, kuma ba a ƙirga kwanakin da ake cikin gyaran da ka amince da shi. Ka duba takardar da ka sa wa hannu, galibi a ƙasa yake da ƙananan haruffa.

Ban gama biyan banki kuɗin motar ba. Wa ke gaba, banki ko makanike?

A mafi yawan jihohi makanike ne ke gaba muddin motar tana hannunsa, domin aikinsa ne ya tsare darajar abin da bankin ya riƙe jingina. Amma dole a sanar da bankin kafin gwanjo, kuma wasu jihohi sun sa iyaka. A Kalifoniya abin da gareji zai iya nema a kan bankin bai wuce dala 1,500 na gyara ba, sai in ya sami yardar bankin a rubuce kafin ya fara aikin. Mai garejin da zai sauya injin na dala 6,000 a motar bashi ya kamata ya san wannan tun kafin ya yi odar injin. Kai kuma mai mota, sau da yawa bankin yana biyan garejin ya ɗauke motar, ya ɗora kuɗin a kan bashinka.

Idan an sayar da ita fiye da bashin, rarar ta wa ce?

Ta mai mota ce, bayan an cire bashin gareji da kuɗin gwanjo da haƙƙin banki idan akwai. A Kalifoniya ana tura rarar ga DMV, kuma kana da shekara 3 ka nema. Idan kuma kuɗin gwanjon bai kai ba, sauran yana nan a matsayin bashi a wuyanka, ana iya bin ka da shi a kotu.

Akwai wanda ba a yi wa gwanjo kai tsaye?

Sojan Amurka da ke bakin aiki. Dokar tarayya ta 2003 da ke kare sojoji ta hana sayar da kayansa saboda kuɗin gyara ko ajiya a lokacin aikinsa da kwana 90 bayansa, sai da umarnin kotu. Haka wanda ya shigar da takardar karayar arziki a kotu: gwanjo yana tsayawa nan take. Sai dai a 2021, a shari'ar birnin Shikago da Fulton, kotun ƙolin Amurka ta ce ci gaba da riƙe motar kawai bai saɓa wa sashen dokar karayar arziki da aka yi ƙarar a kansa ba, don haka ba lalle a miƙo maka makulli a ranar ba.

Motar ta lalace ko an sace wani abu a cikinta tana hannunsa. Wa zai biya?

Riƙo ba mallaka ba ne. Motar amana ce a hannunsa, wajibi ne ya kula da ita yadda mai hankali zai kula, kuma ba shi da ikon hawanta zuwa harkokinsa ko cire batirinta ya saka wa wata. Idan ta lalace ta sakacinsa, shi zai biya. Ka ɗauki hoton jikinta da na mitar tafiyarta ranar da ka kai ta. Kayanka da ke ciki, irin su takardu da kujerar yaro, ba su cikin abin da ya gyara, ka nemi a ba ka su.

A gida fa, Najeriya da Nijar, makanike yana da wannan haƙƙi?

Najeriya ta gaji dokar alƙalan Ingila, don haka makanike a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo yana da ikon riƙe motar da ya gyara sai an biya shi. Abin da ba shi da shi shi ne ikon sayarwa da kansa. Wannan haƙƙi na riƙewa ne kawai, sayarwa sai da umarnin kotu ko rubutacciyar yarjejeniya da mai mota. Shi ya sa za ka ga mota a bayan gareji ta shekara biyu, tayoyi sun kwanta, ƙura ta rufe gilashi, akuya tana kwana a ƙarƙashinta, mai ita bai zo ba, makanike kuma ba ya iya taɓa ta. Wanda ya gaji ya sayar ko ya fara cire mata kaya, shi ne zai koma wanda ake ƙara. A Nijar, Kamaru da Chadi, dokar kasuwanci ta OHADA da aka sabunta a 2010 ta amince da haƙƙin mai bin bashi ya riƙe kayan da ke hannunsa ta halal har a biya shi. Malaman Malikiyya kuma sun daɗe da ɗora wa mai sana'a lamunin abin da ya salwanta a hannunsa, wanda ya yi daidai da abin da ya gabata a amsar lalacewar mota.

Kai wa 'yan sanda ƙarar bashin gyara ba hanya ba ce, ko daga wane ɓangare. A Najeriya, dokar 'yan sanda ta 2020 da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 duk sun hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Galibi shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA a garejin ne suke fara zaunar da mutum biyun, a tsayar da adadi, a raba biyan kashi-kashi. Idan sulhu ya ƙi, Legas ta buɗe ƙananan kotunan da'awar kuɗi a 2018, Kano kuma a 2019, inda mutum yake iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba. Ya tafi da rasit ɗin kayan da ya saya, da saƙonnin waya da suka yi musaya a kan farashi, da wanda ya shaida ranar da aka kawo motar.